Yadda Za Ka Nemi Takardar Mallakar Sabon Murfi Ko Mazubi Daga Maraɗi, Da Yadda Za Ka Karanta Amsar Masu Tantancewa

Wani ƙanena mai walda da aikin gwangwani ya same ni gida bayan la'asar, riƙe da murfin bido a cikin leda. Ya yi watanni yana fama da shi. Duk mai juye man gyaɗa daga bido mai lita 25 ya san yadda man ke fitowa ɓul-ɓul yana fantsama, saboda iska na neman shiga ta inda mai ke fita. Shi sai ya saka wa murfin siririn bututun iska, ya kuma yi masa zobe mai tsinkewa ranar da aka fara buɗewa, don mai saye a Yamai ko Kano ya san ba a yi wa man algus a hanya ba.

"Yaya, so nake a yi mini takarda, kada wani ya kwaikwaya."

Na ce wa da wa suka gani? Ya ce ai kowa ya gani, tun bara ya sa bidiyonsa a WhatsApp da Facebook, har ya sayar wa masu mai da dama. Raina ya sosu ƙwarai, domin aikin ya yi kyau, amma shi da hannunsa ya rufe ƙofar da ya zo nema. Saboda shi na zauna na rubuta wannan, da sauran masu basira na garin nan da ke gyara murfi, kwalba, buhu, kwali da gwangwani ba tare da sanin yadda abin yake ba.

Ka fara sanin inda takardar ke fitowa

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda ƴan biro ke kira birebe, ba a Maraɗi ake buga ta ba, ba kuma a Yamai ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 da suka haɗa ofishi guda, OAPI, mai hedkwata a Yawunde ta Kamaru. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce tushensa, an sabunta ta a 1999, aka sake sabunta ta a Bamako a 2015. Takarda ɗaya daga can tana aiki a duka ƙasashen, har da Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Togo, Senegal da Kodebuwa. Wakilinsu a Nijar shi ne hukumar AN2PI da ke Yamai, kuma ta hannunta ɗan ƙasa zai iya miƙa dosiyensa.

A da OAPI tana duba cikar takardu ne kawai, ba ta tona ko abin sabo ne. Dokar 2015 ta kawo tantancewa ta haƙiƙa, kuma sashenta na birebe ya fara aiki a farkon 2025. Idan wani ya ce maka shi ya samu tasa cikin sauƙi shekaru goma da suka wuce, gaskiya ya faɗa, amma zamaninsa daban ne.

Mataki na farko: kama bakinka

Baki shi ke yanka wuya. Sharaɗin farko na birebe shi ne abin ya zama sabo a duniya baki ɗaya ranar da ka miƙa dosiye. Bidiyo a waya, sayarwa a kasuwa, hira da rediyo, nuni a bajekolin gari, duk suna mayar da shi abin da jama'a suka riga suka sani, ko da kai ne ka nuna. Dokar ta bar rangwamen wata 12 a wurare biyu kawai: idan wani ya ci amanarka ya fallasa, ko ka nuna a bajekolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Kada ka jingina da wannan.

Idan dole sai wani ya gani, kamar mai yanka maka ƙarfe ko mai zana maka a kwamfuta, ku rubuta yarjejeniyar riƙe sirri, ku sa hannu da kwanan wata. Na san wannan na da nauyi tsakanin ƴan'uwa da abokai, har wani zai ce ba ka yarda da shi ba. Ka lallashe shi, ka ce dokar ce ta buƙata. Haka ma idan ku biyu kuka yi aikin, ko wani Alhaji ne ya sa kuɗi, ku rubuta rabon kowa tun yanzu da ba a ga riba ba. Ka kuma ajiye littafi kana rubuta abin da ka gwada da ranar da ka gwada. Amma ka sani, littafin ba ya ba ka haƙƙi: idan mutum biyu suka ƙirƙiro abu ɗaya, wanda ya riga kai dosiye shi ke da shi.

Mataki na biyu: bincike, kuma a nan ya kamata ka daɗe

Fannin mazubi da murfi tsohon fili ne da aka nome shi ciki da bai. John Mason ya yi rajistar kwalba mai murfin murɗawa a Amurka a 1858. William Painter ya yi ta murfin kwalbar lemo mai haƙora a 1892. Bayan da aka sa guba a maganin ciwon kai a Chicago a 1982 mutum bakwai suka mutu, kamfanoni sun yi rububin ƙirƙiro murafe masu nuna an buɗe. Zoben da ƙanena ya yi, duk da bai kwaikwayi kowa ba, yana kan kowace robar ruwa da ke shago. Abin da kake gani sabo a babbar kasuwar Maraɗi, mai yiwuwa wani ya zana shi a Jamus ko Japan tun kafin a haife ka, kuma mai tantancewa zai gano shi.

To ka riga shi ganowa. Akwai rumbuna biyu na kyauta a intanet: Espacenet na ofishin birebe na Turai, da Patentscope na hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba. An rarraba ƙirƙire-ƙirƙire aji-aji, kuma naka ajin shi ne B65D, na mazubai da murafe da kayan ƙunshi. Cikinsa, B65D 41 na murafen kwalba ne, B65D 43 na marufan gwangwani da akwati, B65D 47 na murafe masu bakin zuba, B65D 33 na sassan buhu da leda, B65D 81 na mazubai masu kare kaya daga iska ko damshi ko zafi. Idan injin cikawa ko liƙewa ka ƙera, galibi ajinka B65B ne.

Ka rubuta lambar ajin, ka ƙara kalma biyu ko uku da Faransanci ko Ingilishi, sannan ka bi zane-zanen. Ba sai ka iya yaren takardar ba, zanen murfi zai yi maka magana. Idan ba ka saba da kwamfuta ba, ka nemi ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ku zauna tare, bayan ya sa hannu a takardar sirri. Kada ku tashi rana ɗaya. Ku ware takardu biyar ko goma da suka fi kama da naka, ka rubuta a gaban kowace: me take da shi, me ba ta da shi.

Kuma abin da aka riga aka sani bai tsaya ga takardun birebe ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hana su iska, ya yaɗu a ƙasar nan tun daga 2007, kuma masu binciken cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, na nan Maraɗi na cikin waɗanda suka gwada shi suka wallafa. Wanda ya je yau ya ce shi ya ƙirƙiro buhu mai rufi uku, za a mayar masa. Amma wanda ya samo sabuwar hanyar ɗaure bakin ledar da za a buɗe a rufe sau da yawa ba ta huje ba, yana da abin magana. A wannan fanni, a irin waɗannan ƙananan wurare ake samun nasara.

Mataki na uku: zaɓi ƙofar da ta dace da kai

Birebe na neman abu uku: sabunta, basirar da ba za ta zo wa kowane gwanin sana'ar a sauƙaƙe ba, da yiwuwar ƙerawa a masana'anta. Yana kare ka shekara 20 daga ranar miƙawa. Sharaɗi na biyu ne ke kayar da yawancin masu murfi da mazubi, domin mai tantancewa zai ce: bututun iska sananne ne, zobe sananne ne, haɗa su wuri guda abu ne da kowane maƙeri zai yi tunani.

Akwai ƙaramar takarda da OAPI ke bayarwa ga kayan aiki da aka yi wa sabon tsari ko sabon sashe mai amfani. Shekara 10 take yi, kuma ba a tsananta batun basira a cikinta kamar a birebe. A ganina, yawancin abin da masu sana'armu ke ƙirƙirowa nan ya fi dacewa, kuma ba ƙasƙanci ba ne. Shekara goma ta ishi mutum ya kafa kasuwa.

Idan siffar kwalbarka ce ta bambanta, ba aikinta ba, rajistar zane da siffa za ka yi, shekara 5 da ake sabuntawa har 15. Sunan kayanka da tambarinka kuma rajistarsu daban, shekara 10 da ake sabuntawa ba iyaka. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa ko garin aya sau da yawa tambari suka fi buƙata, ba birebe ba.

Wani abu a gefe: idan ƙirƙirarka ta dogara da siririyar leda, ka tuna Nijar ta kafa doka a 2014 da ta hana irin ledar nan marar kauri. Takardar mallaka ba izinin sayarwa ba ce.

Mataki na huɗu: rubuta dosiye

Ana rubutawa da Faransanci ko Ingilishi. Dosiyen ya ƙunshi takardar nema, bayani, zane, taƙaitawa, shaidar biyan kuɗi, da da'awa.

Bayanin ya zama cikakke yadda wani gwani zai karanta ya ƙera ba tare da ya tambaye ka ba. Masu sana'a na da al'adar ɓoye laƙani, amma a nan ɓoyewa kan kashe dosiye. Ka faɗi matsalar, ka faɗi yadda aka saba magance ta da inda aka gaza, sannan naka. Ka sa kowane salo da ka gwada: bututu miƙaƙƙe, bututu lanƙwasasshe, na roba, na ƙarfe, faɗinsa daga milimita kaza zuwa kaza. Dalili kuwa, bayan ka miƙa ba a yarda ka ƙara sabon abu ba. Duk abin da za ka kare kanka da shi gobe, dole yana cikin bayanin yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zanen ya zama na layi, baƙi a kan fari, kowane sashe da lambarsa, kuma ka yi wanda ya tsaga murfin biyu a ga cikinsa.

Da'awa ita ce iyakar gonarka. Kamar yadda ake dasa gamba a san inda gonar wani ta tsaya, haka da'awa ke shata abin da yake naka. Ka faɗaɗa da yawa ka shiga gonar magabata, a kore ka. Ka matse da yawa, maƙwabci ya canza ƙusa ɗaya ya wuce ta gefenka. Ana rubuta ta farko da abin da ba makawa sai da shi, misali: murfin bido mai bakin zuba da bututun iska, wanda ya bambanta da cewa bututun ya lanƙwasa ya nufi saman bido ta ciki, kuma juyi ɗaya ke rufe bakinsa da bakin zuba tare. Sai ta biyu ta ce: murfi kamar na da'awa ta 1, wanda bututunsa ke da tankaɗe mai hana ƙura. Haka har ka jera biyar ko takwas, kowace ta fi ta gabanta matsewa. Idan ta farko ta faɗi, kana da wurin ja da baya.

Kada ka rubuta "murfi mai hana mai zubewa". Wannan buri ne, kowa na da shi. Ka rubuta sassan da ke hana zubewar da yadda suka haɗu. Idan kana da hali, wannan ne wurin da ya cancanci ka biya wakili daga cikin waɗanda OAPI ta amince da su. Ka tambayi AN2PI jerin sunayensu, da jadawalin kuɗin da ake aiki da shi, da ko akwai tallafi ga mai ƙirƙira ɗan ƙasa.

Mataki na biyar: miƙawa, da batun Najeriya

Ka miƙa, ka karɓi rasit mai lamba da kwanan wata, ka yi masa kwafi ka adana. Daga ranar za ka iya nuna kayanka. Adireshi da lambar wayar da ka bayar su zama waɗanda za a same ka shekara biyu ko uku masu zuwa.

Ga abin da ya shafi Bamaraɗe fiye da kowa. Najeriya ba ta cikin OAPI. Kayanmu kuwa ta Ɗan Isa da Jibiya suke bi zuwa Katsina da Kano, kuma masana'antun roba da za su iya zuba murfinka dubu-dubu a Kano suke. Takardar OAPI za ta ba ka ikon hana shigo da kwaikwayon cikin Nijar, amma ba ta hana kowa ƙera shi da sayar da shi a Kano. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 daga ranar miƙawarka ta farko ka kai irin dosiyen ofishin rajista na Abuja, a lissafa maka da ranar farko. Ga zane da tambari wata 6 ne. Wa'adin nan idan ya wuce ya wuce. Mai hangen ƙasashe da yawa yana iya bin tsarin PCT na miƙa dosiye ɗaya na ƙasa da ƙasa, wanda ke jinkirta zaɓen ƙasashe zuwa wata 30, sai dai kuɗinsa na da nauyi ga mai ƙaramin jari.

Mataki na shida: karanta amsa

Wasiƙar farko galibi ta gyaran takardu ce: zane bai fito ba, sa hannu ya ɓace, kuɗi bai cika ba. Ka gyara cikin wa'adin da aka rubuta. Ana wallafa dosiyen cikin wata 18, kuma daga nan duk mai ƙorafi na da wata uku ya shigar da adawa.

Sai rahoton bincike da ra'ayin mai tantancewa. Ka sa a ranka tun yanzu cewa amsar farko a wannan fanni kan zo da suka, kuma suka ba ƙi ba ne. Rahotannin bincike na duniya na sa harafi a gaban kowace takarda da aka samo. Harafin X na nufin takardar ita kaɗai ta rushe da'awarka. Y na nufin idan aka haɗa ta da wata, naka ya zama abin da kowane gwani zai hango. A kuwa tana nuna yanayin fannin ne kawai, ba ta cutar da kai. Ka duba lambobin da'awar da aka rubuta a gefen kowane harafi. Idan X ta taɓa ta 1 da ta 2 amma ta bar ta 3, to ta 3 ce mafitarka.

Idan X ce, ka nemo takardar ka ɗora zanenta kusa da naka, sashe da sashe. In duk abin da ka lissafa yana ciki, kada ka yi musu. Ka ɗauko abin da ke da'awa ta 3 ko cikin bayaninka ka shigar da shi ta 1. In kuwa akwai sashe ɗaya da babu, ka nuna shi da lambar zane da shafi.

Idan Y ce, a nan ake gumi. Cewa ka sha wahala ko jama'a na son kayanka ba ya amfani. Abin da ke amfani shi ne ka nuna haɗin ya haifar da abin da ba a zata ba, ko takardun biyu ba sa haɗuwa. Misali, bututun waccan takarda an yi shi don ruwa, man gyaɗa mai kauri da sanyin hunturu toshe shi yake, lanƙwasar taka ce ta warware wannan. In kana da gwaji, ka kawo: lita nawa cikin daƙiƙa nawa, da murfinka da wanda aka saba. Canza roba zuwa ƙarfe, ƙara girma, ko sauya launi ba sa tsallake wannan suka.

Wani lokaci za a ce ka cusa ƙirƙira biyu a dosiye ɗaya, murfi da kuma injin liƙe shi. Sai ka zaɓi ɗaya, ka raba ɗayan zuwa dosiye na daban wanda ke riƙe ranar farko. Wani lokacin kuma a ce kalmominka ba su fito fili ba, irin su "mai ƙarfi" ko "siriri". Ka maye su da awon da ke cikin bayaninka.

Ƙarshen tafiya ɗaya ne daga cikin huɗu. A ba ka kamar yadda ka nema, wanda ba kasafai ake gani ba a murfi da mazubi. A ba ka bayan ka matse da'awa, wanda shi ne nasarar da ya kamata ka sa rai da ita. A ƙi, kuma kana da damar ɗaukaka ƙara gaban babban kwamitin ɗaukaka ƙara na OAPI, ko ka nemi a juya dosiyen zuwa ƙaramar takarda idan basira ce kawai aka soka. Na huɗu shi ya fi ba ni takaici: wasiƙa ta zo, mutum yana gona ko ya yi tafiya, wa'adi ya wuce, dosiye ya mutu ba don an kayar da shi ba.

Idan an ba ka bayan matsewa, ka zauna ka karanta da'awar da ta rage da idon ɗan kasuwa. Shin mai kwaikwayo zai iya kauce mata da ƙaramin canji? In haka ne, ka san abin da ke hannunka kafin ka ci bashin sayen inji.

Bayan takarda ta fito

Akwai kuɗin shekara-shekara da ke ƙaruwa yayin da takardar ke tsufa. In ka makara akwai rangwamen wata shida tare da tara, bayan nan haƙƙin ya faɗi. OAPI ba ta bin kasuwa ta kama maka masu kwaikwayo. Kai za ka sa ido, in ka gani ka je kotu a ba da izini ma'aikacin shari'a ya ƙirga kayan ko ya kama su, sannan a yi shari'a. Wanda ka kai ƙara kuma na iya neman kotu ta soke takardarka idan ya kawo tsohuwar shaida, kuma hukuncin sokewa na ƙarshe a ƙasa ɗaya yana bin ta sauran ƙasashen. In ba ka da jarin ƙerawa, kana iya ba masana'anta lasisi a rubuce, a yi masa rajista a OAPI, su riƙa biyanka a kan kowane dubu da suka zuba.

Ƙanena bai samu birebe a kan murfin nan ba. Tambarinsa muka shirya wa dosiye, yana kuma ci gaba da sayarwa. Watan jiya ya zo da wani abu naɗe a tsumma, na gwangwanin zuma, ya ce, "Yaya, wannan ko matata ba ta gani ba." Mun yi dare uku muna bin B65D 43 a wayata, mun ware takardu bakwai masu kama da shi, kuma akwai sashe ɗaya a nasa da har yanzu ba mu gani a ko ɗaya ba. Ranar Asabar za mu fara zanen.